Wace 'yar kwamfuta za ka haɗa wa firintarka ta 3D? Abin da zafin Jidda ya koya mini

Ɗan yayata da ke Makka, can wajen Shara Mansur, ya samu tsohuwar firintar 3D ƙirar Ender 3 a hannun wani da zai koma gida. Wata biyu ya yi yana buga ƙananan abubuwa da ita: mazaunin waya, murfin rimot ɗin mukayyif (na'urar sanyaya ɗaki) da ya ɓata, ƙugiyoyin rataye carbi da ya rarraba wa gwaggwanninsa. Ran nan bayan isha'i sai ga kiransa.

"Kawu, na gaji da zare memori in kai laftof in dawo da shi. An ce in sayi Raspberry Pi 5, wai shi ne sabo, shi ya fi ƙarfi. In biya?"

Na ce, "Kada ka biya ko halala tukuna. Bari in shigo umara ranar Juma'a, mu zauna."

Abin da na faɗa masa a wannan zaman shi zan shimfiɗa a nan, domin ba shi ne farkon wanda ya yi mini wannan tambayar ba. Sana'ata gyaran waya ce a Jidda, firinta kuwa sha'awa ce ta bayan an rufe shago, kuma allunan 'yan kwamfutoci irin Raspberry Pi da suka bi ta hannuna a 'yan shekarun nan sun kai biyar. Kusan kowannensu yana da ƙarfin tuƙa firinta. Inda suke rabuwa shi ne irin wutar da suke buƙata, zafin da suke jurewa, da kuma ko za ka samu mai kama maka ranar da abu ya cije.

Me allon zai yi maka?

Firintarka tana da nata allon a ciki. Ender 3 ta farko, wadda ta fito a 2018, tana da ƙaramar ƙwaƙwalwa ATmega1284P, allunan da suka biyo baya kuma masu lamba 4.2.2 da 4.2.7 suna da STM32F103 wadda ta fi ta ƙarfi. Aikin wannan allon shi ne juya injina, dumama baki da faranti, da karanta zafi. Ba ya hawa intanet, bai san kyamara ba. Kwamfutar da za ka ƙara, wadda faɗinta bai wuce na katin iƙama ba, Linux ke gudana a cikinta a madadin Windows, kuma ta hanya biyu ake sa ta aiki.

Ta farko ita ce OctoPrint, wadda wata Bajamushiya, Gina Häußge, ta fara a 2012. Ba ta taɓa manhajar Marlin da ke cikin firintarka. Tana karɓar fayil daga laftof ko waya, ta riƙa miƙa wa firinta umarni layi-layi ta kebul ɗin USB, kai kuma kana kallo a burauza. Wanda matsalarsa kawai zirga-zirgar memori ce, wannan ta ishe shi, kuma da rana ɗaya ya gama haɗawa. Rauninta yana fitowa a wuraren lanƙwasa, inda fayil ke da dubban gajerun layuka: in saƙon bai isa da wuri ba, kan firinta ya ɗan tsaya, sai ka ga ƙuraje a jikin abin da ka buga.

Ta biyu ita ce Klipper ta Kevin O'Connor. Ita karɓe ragama take yi gaba ɗaya. Ana goge Marlin, lissafin motsi ya koma kan 'yar kwamfutar, allon firinta ya zama ɗan aike da ake gaya wa lokacin da zai taka kowane taku. Duk saitin yana cikin fayil ɗaya, printer.cfg, ka gyara shi a Mainsail ko Fluidd, shafukan da ake sarrafa Klipper da su a burauza, ka sake tayarwa cikin daƙiƙoƙi. Babban abin da ke jan mutane gare ta shi ne maganin girgiza. Ka taɓa lura da inuwar layuka tana bin bayan kusurwa ko harafi kamar igiyar ruwa? Girgizar jikin firinta ce. Sai a ɗaura wata 'yar na'urar auna motsi, ADXL345, a kan firintar, Klipper ta auna inda take rawa, ta daidaita tafiyarta. Da haka tsohuwar Ender ke ƙara gudu ba tare da aikin ya lalace ba.

Ga abin da ya kamata ka riƙe kafin mu shiga alluna. OctoPrint ta fi cin ram, musamman in ka cika ta da ƙare-ƙare. Klipper ba ta da ci, amma ba ta yafe tangarɗa: in kwamfutar ta yi tuntuɓe na ɗan lokaci kaɗan, ko kebul ya katse magana, sai ta tsayar da aikin ɗungurungum. Shi ya sa a wajenta tsayayyiyar wuta ta fi furosesa mai gudu muhimmanci.

In kuma firintarka sabuwar ƙira ce irin Neptune 4, ko K1, ko na Bambu Lab, to da kwamfutarta ta zo a ciki. Ajiye kuɗinka ka sayi zaren roba.

Gidan Raspberry Pi

Na fara da su ne saboda dalili guda: jama'a. Ka buɗe manhajar Raspberry Pi Imager a laftof, za ka tarar da OctoPi da MainsailOS, wato OctoPrint da Klipper a shirye, a jere. Ka zaɓa, ka rubuta sunan Wi-Fi ɗin gidanka da kalmar sirri, ka zuba a memori, shi ke nan. Duk matsalar da za ka ci karo da ita, wani ya riga ka, kuma ya rubuta maganinta. Wannan ba ya cikin jerin lambobin da mai sayarwa ke nuna maka, amma shi ne rabin abin da kake biya.

Pi Zero 2 W shi ne ɗan autansu. Ya fito a Oktoban 2021 a kan dala 15, wato wajen riyal 56 tunda dala tana tsaye a riyal 3.75. Tsawonsa milimita 65, faɗinsa 30, furosesarsa mai zuciya huɗu a gudun gigahaz 1, ram kuma mega 512. Na yi wata da watanni ina tuƙa Klipper da shi ba tare da ya ba ni kunya ba. Ba ya zafi sosai, ba ya cin wuta. Amma ka san abin da za ka rasa. Ramin USB na aiki guda ɗaya ne, ƙarami, sai da adafta, kuma da zarar firinta ta shige shi ba wurin kyamarar USB sai ka ƙara hob mai rarraba ramukan USB. Ba ramin kebul ɗin intanet. Wi-Fi ɗinsa na zangon 2.4 ne kawai, wanda a benayen Jidda masu bangon kankare, kowane gida da rautarsa, cunkushe yake kamar hanyar Mina ranar jifa. Ram ɗin ma yana cika idan ka haɗa kyamara, sikirin, da lissafin girgiza a lokaci guda. Ka kuma kula da sunan: akwai tsohon Zero W, mara lamba 2, mai zuciya ɗaya. Masu OctoPrint da kansu sun ce kada a yi amfani da shi. Kamanninsu ɗaya ne a hoto, saboda haka ka karanta rubutun da kyau.

Pi 3B+ na 2018 shi ne tsohuwar zumar da ake magani da ita. Giga 1 na ram, ramukan USB huɗu, ramin kebul ɗin intanet, Wi-Fi na zango biyu. Ba abin da firinta ɗaya da kyamara ɗaya za su nema ya gaza. Yana da wata ɗabi'a da ta shafe mu a nan: da ya kai digiri 60 sai ya rage gudunsa daga 1.4 zuwa 1.2, kuma digiri 60 ba nisa ba ne a ɗakin da aka kashe mukayyif. Wannan ragin ba ya hana Klipper aiki. Abin da ya fi damuna da shi ramin wutarsa ne, ƙaramin USB irin na tsofaffin wayoyi, wanda ke saki da tsufa, ga kebul ɗinsa mai kyau yana wuyar samu yanzu. In ka same shi na hannu a Haraj da sauƙin kuɗi, ɗauka. Sabo kuwa, in kuɗinsa ya kusa na Pi 4, babu dalili.

Pi 4 ya fito a Yunin 2019, kuma shi nake nuna wa yawancin masu tambaya. Furosesarsa ta fi ta 3B+ nesa ba kusa ba, wutarsa ta USB-C ce, bolt 5 amfiya 3, yana da USB 3 guda biyu da USB 2 guda biyu, kebul ɗin intanet mai cikakken gudu. Akwai mai giga 1, 2, 4 da 8. Mai giga 2 ya wadatar, har da rara. Na sha ganin samari sun ƙara kuɗi sun sayi mai giga 8, alhali in ka buɗe Mainsail ka duba, ko kwatar giga 2 ɗin Klipper da abokan aikinta ba su cinye ba. Yana ɗaukar sikirin na taɓawa, yana ɗaukar kyamara biyu, yana iya riƙe firinta biyu in ka ƙara wata gaba. Yana kuma da sashe na musamman mai matse bidiyo, wanda ke rage wa furosesa nauyi idan kana kallon kyamara. Aibinsa zafi. Zan dawo kan wannan.

Pi 5 kuwa, wanda aka ce wa ɗan yayata ya saya, kwamfuta ce ta gaske. Ya fito a ƙarshen 2023, gudunsa gigahaz 2.4, mai giga 4 ya fara a dala 60, mai giga 8 a dala 80, wato riyal 225 da 300 kafin kuɗin kawowa da harajin kashi 15 cikin ɗari. Sai dai duk wannan ƙarfin firinta ba ta da abin yi da shi. Ga kuma abin da yake jawowa: cajar da aka yi dominsa mai wat 27 ce, bolt 5 amfiya 5, irin da ba kasafai ake samu a cajojin waya ba. In ka ba shi mai amfiya 3 zai tashi, amma zai taƙaita wutar ramukan USB zuwa miliamfiya 600. Yana son fanka. An kuma cire masa wancan sashen matse bidiyo, aikin ya koma kan furosesa, ita kuma ta ƙara zafi. Ka biya kuɗin allo, ka biya na caja ta musamman, ka biya na fanka, a ƙarshe abin da firinta za ta buga bai bambanta da na mai Pi 4 ba ko da layi ɗaya. Wanda zai sa shi wasu ayyukan a gefe, kamar ajiyar fayilolin gida, yana da hujja. Don firinta kaɗai, ban ga ta ba.

Farashin da na ambata na ranar fitowa ne. Abin da za ka gani a Amazon ko noon ya kan haura haka, wani lokaci sosai, kuma wanda ya nemi Pi a 2021 da 2022 bai manta da yadda ya yi ɓatan dabo ba. Wannan ƙarancin ne ma ya buɗe wa sauran ƙofa.

Waɗanda ba Raspberry ba

Kamfanin BIGTREETECH, wanda dama allunan firinta yake ƙerawa, ya fito da BTT Pi da CB1. Ƙwaƙwalwarsu ɗaya, Allwinner H616, da giga 1 na ram, kusan ajin Pi 3. Abin da ya burge ni da BTT Pi shi ne an yi shi ne da firinta a zuciya. Yana karɓar bolt 12 zuwa 24 kai tsaye, wato ka ja waya biyu daga akwatin wutar firintar ka ɗaure masa, ba caja, ba ƙarin soket. Yana da ramin da aka tanada don ADXL345. Kamfanin yana ba da manhaja da Klipper a ciki. CB1 kuma ba shi da ramuka, dannawa ake yi a kan allon firinta na jerin Manta, su zama abu ɗaya, kebul ɗin USB ya fita daga lissafi. In dama kana da niyyar canza allon tsohuwar Ender ɗinka saboda kukan injinanta, wannan haɗin ya fi komai tsabta.

Abin da za ka bayar a madadin haka: kyamarar Pi mai faffaɗan kebul ba ta da wurin shiga, sai ta USB. Wi-Fi ɗin na 2.4 ne. Kuma in manhaja ta rikice, masu amsa maka ba su kai na Raspberry yawa ba. Akwai kuma wani abu game da shan wuta daga firinta da mutane ba sa tunawa: duk lokacin da ka danna makunnin firintar, ka yanke wa kwamfutar wuta ba sallama. Linux ba ta son haka, memori ma ba ya so. Dole ka saba da kashe ta daga Mainsail tukuna, ka jira, sannan ka danna.

Orange Pi Zero 3 shi ne wanda lambobinsa ke jan ido: Allwinner H618, ram daga giga 1 har 4, kebul ɗin intanet mai cikakken gudu, Wi-Fi na zango biyu, wutar USB-C, kuma a AliExpress ya kan yi araha. Ya fi Zero 2 W a takarda kusan ta kowace fuska. Amma ba girin-girin ba, ta yi mai. A nan kai za ka zuba Armbian, wani nau'in Linux, ko manhajar kamfanin, ka shiga ta SSH, wato rubuta wa allon umarni daga laftof, ka ɗora Klipper da taimakon wata 'yar manhaja, KIAUH. Ba abu ne mai wuya ba ga wanda ya saba da baƙin allon rubutu, sa'a ɗaya ce ko biyu. Amma sunayen filoginsa sun bambanta da na Pi, saboda haka bayanin da ka gani a bidiyo ba lallai ya hau ba, kuma babban ramin USB guda ɗaya ne. Wanda ke son koyon Linux zai ji daɗinsa. Wanda ke son ya buga abu yau da dare zai ji haushi.

Le Potato na Libre Computer girmansa ɗaya da Pi 3, amma ba shi da Wi-Fi sam. In rautarka tana kusa da firinta, wannan ba aibi ba ne.

Akwai kuma na shirye, irin Sonic Pad na Creality da Pad 7 na BIGTREETECH, masu sikirin inci 7. Sun fi tsada, sun fi sauƙin farawa. Na Creality Klipper ɗin da kamfanin ya gyara ce a ciki, sabuntawa sai lokacin da suka saki.

Kada kuma ka raina abin da ke cikin durowarka. Tsohuwar laftof da ta gaza ɗaukar Windows tana ɗaukar Debian, wani nau'in Linux, ta tuƙa firinta uku ba ta ji ba, ga sikirin, ga kibod, ba ka kashe riyal ko ɗaya ba. Sai dai ka hana ta barci in an rufe murfi, kuma tana cin wuri da wuta. Ƙananan kwamfutocin ofis da ake zubarwa a Harajin Sawarikh su ma haka. A Ubuntu akwai wata manhajar makafi, brltty, da kan kama ramin firintocin da ke da ƙwaƙwalwar USB ta CH340 ta hana su bayyana, cire ta kawai ake yi. Tsohuwar wayar Android ma tana ɗaukar OctoPrint ta manhajar Octo4a, amma a nan sana'ata za ta yi magana: wayar da ke kan caji dare da rana a zafin nan batirinta kumbura yake yi. Kusan kullum sai an kawo mini irinta shago, bayanta ya ɗage. Ba zan ajiye wannan kusa da farantin da ke dumama ba.

Wuta

A nan ne na fi daɗewa da ɗan yayata, domin a nan na fi shan wuya.

Na taɓa sa mazaunin Alƙur'ani mai naɗewa, aikin awa tara, da niyyar kai wa wani dattijo da muke salla tare, wanda gwiwa ta sa yake karatu a kan kujera. Na duba bayan la'asar, lafiya lau. Bayan magariba na tarar da kan firinta a tsaye cak a tsakiyar aiki, baki ya huce, Mainsail ta rubuta da ja: "Lost communication with MCU". Awa bakwai da kusan rabin nadin zare sun tafi. Na canza kebul ɗin USB, na sake zuba manhaja, bayan kwana biyu ya maimaita. Sai na rubuta wa Pi umarnin vcgencmd get_throttled, ya ba ni 0x50000. Ma'anarsa wuta ta taɓa faɗuwa ƙasa da ƙima tun da aka kunna. Na sa mita a kan filogin allon, kyamara na aiki, na ga allurar tana lilo a wajen bolt 4.6. Pi yana fara ƙorafi ne daga 4.63.

Laifin na wata cajar waya ce mara suna da na saya a wani shago, an rubuta mata wat masu yawa a jiki. Abin da ya kamata kowa ya gane shi ne cajar waya mai sauri tana kai waɗannan wat ɗin ne ta hanyar ɗaga bolt zuwa 9 ko 12 bayan ta yi yarjejeniya da wayar. Pi bolt 5 kawai yake sha. A bolt 5 ɗin, cajar tana iya zama mai amfiya 2 kacal, siririn kebul kuma ya ƙara cinye wani abu a hanya. Cajar da Raspberry ke sayarwa bolt 5.1 take bayarwa, kebul ɗinta mai kauri ne kuma a manne yake, don dai a cike wannan giɓin. Tun da na saye ta, lambar nan 0x0 take nunawa. Sayen nagari mai da kuɗi gida. In kuɗinka ya ƙare tsakanin ƙarin ram da caja ta asali, ɗauki cajar.

Akwai wani ɓarawon wutar. In ka kashe firinta ka ga sikirinta yana nan da haske, to Pi ne ke ciyar da ita ta kebul ɗin USB. Ɗan siririn salatif a kan filogin bolt 5 na kan kebul ɗin yana maganin wannan a irin allunan Ender.

Masu zama a tsofaffin gidajen Jidda da Makka kuma, ku tuna har yanzu akwai bangon da ke da soket na 127 da na 220 a jere. Cajar Pi ba ruwanta, daga 100 zuwa 240 duk tana karɓa. Firintar ce ke da jan makunni a gefen akwatin wutarta mai 115 da 230. In yana kan 115 ka soka a 220, ta ƙone nan take. Wanda ya sayi ta hannu ya duba wannan kafin komai.

Wanda kuma ke shirin tafiya da kayan gida, Kano ko Damagaram, ko ya aika wa 'yan uwa a Sudan, ya san Klipper ta asali ba ta ci gaba da aiki daga inda wuta ta ɗauke. Marlin tana da wannan in daga memori ake bugawa. Inda wuta ba ta da tabbas, ko dai a tanadi batiri da inbata da za su riƙe firintar da kwamfutar duka, ko a zauna kan Marlin.

Zafi da ƙura

Yawancin masu bidiyon da muke kallo a ƙasashen sanyi suke. Mu nan, ka kashe mukayyif ka fita aiki a watan Yuli, ɗakin ya zama tanda. Pi 4 yana fara rage gudu a digiri 80, kuma nawa, tsirara ba komai a kansa, na gan shi ya haura 70 da rana tsaka. Maganin da ya fi kwanta mini shi ne gidan alminiyam mai haƙarƙari, wanda jikinsa duka ke shan zafi, ba fanka. Ƙananan fankoki suna aiki, amma ƙurarmu tana cika su, bayan 'yan watanni su fara kuka, wata rana su tsaya ba ka sani ba. Zero 2 W ɗan ƙaramin ƙarfen shan zafi ya ishe shi. H616 na BTT yana ɗumi, kada a bar shi ba ƙarfe.

In za ka buga wa allon gida da kanka, kada ka yi da zaren PLA, domin daga digiri 55 zuwa 60 yake fara laushi. Yi da PETG. Kuma in ka rufe firintarka cikin akwati don buga ABS, inda faranti ke kai wa digiri 100, kwamfutar a waje za ta zauna.

Memori kuma, araha ba ta ado. Na jabu sun cika kasuwa, an rubuta giga 64, cikin bai kai ba, yana aiki wata ɗaya ya fara cin fayiloli. Giga 32 na asali mai alamar A1, daga shagon da za ka iya komawa, ya wadatar. Ka ajiye kwafin printer.cfg a wayarka, domin shi ne wahalar makonninka.

Kyamara tana sa mutum ya ji kamar yana ɗakin, amma ba ta kashe gobara. Bakin firinta yana haura digiri 200. Ina roƙon duk mai karanta wannan kada ya sa dogon aiki ya kulle gida ya tafi Harami tun la'asar sai bayan tarawihi. In za ka leƙa daga nesa, kada ka buɗe ƙofa a rauta ka bar firinta a fili ga duk duniya. Yi amfani da manhajojin shiga daga nesa irin Tailscale, ko Obico, ko OctoEverywhere, kuma a samu wani a gida da ya san inda makunni yake.

Da muka gama, ɗan yayata ya ce, "To Kawu, a taƙaice wanne?"

Na ce masa in shi ne karon farko kuma yana son abin da ba zai sake saye ba, Pi 4 mai giga 2. In kuɗi ya yi ƙaranci kuma ba ya son sikirin, Zero 2 W, muddin rauta na kusa. In allon firintar zai canza, Manta da CB1. In kuma yana son ya gwada kafin ya kashe komai, ga tsohuwar laftof ɗin babansa a saman kabad.

Ya buɗe murfin ƙasan firintar muka haska da waya, 4.2.2 ne, wanda ta memori ake zuba masa Klipper ba sai an nemi wata na'ura ba. Jan makunnin yana kan 230. Rautarsu tana falo, bango biyu tsakaninta da ɗakinsa, wannan ya fitar da Zero daga lissafi. Ya yi odar Pi 4 mai giga 2, cajarsa ta asali mai ƙafa uku irin soket ɗinmu, gidan alminiyam, da memori giga 32. ADXL345 na ce kada ya saya, ina da guda biyu, zan ba direban da ke zuwa Makka ya kai masa.